Uwar Garke da Dutsenta

Me ya sa ya sauka? Tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita ke nan tun kaina yana baƙi, ga shi yau furfura ta gama cinye shi, ban kuwa sami amsa ba. Mutumin da ya yarda da motar nan fiye da yadda ya yarda da ƙafafunsa, wanda ya sha faɗa a gaban jama'a cewa babu yashin da zai riƙe ta, me ya sa ranar ya buɗe ƙofa ya sauka, ya bar ta a bakin ruwa tana rugugi? Malamai sun gaya mini kwana ne ya ƙare. Na karɓa, ban yi wa Ubangiji gardama ba. Amma zuciyata ba ta zauna ba. Har gobe in na ji ƙarar babbar mota daga nesa sai in ji ƙafata ta nemi takalmi.

Rabi jikata ce ke riƙe da alƙalami, don ni ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin salla. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in na yi kuka ta jira ni, kada ta gyara mini magana. Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne na ga 'yan gwangwan sun fara zagaya motar da ke gefen gidan nan, suna ƙwanƙwasa ta suna auna nauyinta da ido. Na kuma ji ku a zaure, ku 'ya'yana, kuna cewa a rabu da ita, ai ita ta cinye shanun Inna, ita ta kashe Baba. Kunnena bai mutu ba tukuna. Duka biyun ba haka aka yi ba, shi ya sa zan faɗa muku yadda aka yi.

Ni ɗiyar Tamawa ce, ta ƙasar Kurfi. Mutanenmu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, Fulatancin ma sai a bakin tsofaffi. Ranar sunana mahaifina, Baffa, ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi. Kafin in yi aure ta hayayyafa, na zama mai 'yan shanuna a cikin garkensa. Ita tsohuwar saniyar, ita ke shiga gaba in za a tafi kiwo, ita ake cewa uwar garke. Babanku kuwa ɗan 'yan hatsi ne na nan Dutsin-Ma. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Wansa, Yaya Mani, shi ke riƙe da cinikin gidan, da jakuna yake kai gero da dawa kasuwanni. Babanku bai iya tafiya a bayan jaki ba. Ya ce in ya bi jaki ransa kan riga shi isa kasuwa ya dawo ya tarar da shi a hanya. Sai ya shiga lebura wurin Turawan da ke haƙar rijiyoyi a ƙauyuka, a can ya koyi tuƙi, har suka damƙa masa motarsu. A lokacin kitika ake ce wa irinta, yanzu kuke cewa akori-kura. Amma ba irin na yanzu ba ce masu jikin gwangwanin madara. Wannan ƙafafunta huɗu duka suna ja, ƙashin ƙarƙashinta ya yi kaurin cinyar namiji, siminti da ƙarafa take ɗauka ta kutsa dajin da ko turba babu.

Da aikin rijiyoyi ya ƙare aka ce za a yi gwanjonta a Katsina. Babanku ya dawo gida ya daina cin abinci. Ya shiga ɗaki ya fito, ya je bakin dutse ya dawo, ya ɗauki buta ya ajiye. Ya je wurin Yaya Mani, ina jin su ta bayan danga, Yaya Mani ya ce shi ba zai sa dukiyar gida a abin da ba ya cin ciyawa ba. Ni babanku bai taɓa buɗe baki ya ce mini in sayar da shanu ba. Ku riƙe wannan da kyau. Abin da ya ce mini kawai shi ne wani mai manyan motoci yana neman direban da zai riƙa zuwa Kurmi, wata da watanni a hanya. Na dubi mutumin, na san tafiya zai yi. Na goya yayanku na fari, na bi ayarin masu zuwa kasuwar Kurfi, na isa Tamawa na durƙusa gaban Baffa.

Ya ce, "Saniya dai tana haihuwa. Ita wannan mi take haifa?"

Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

"To mi kika sani?"

"Na san in bai same ta ba zai tafi Kurmi. In ya same ta, duk inda ya je a ƙasar nan zai dawo ya kwana gida."

Baffa ya daɗe yana zane ƙasa da sandarsa. Ya ce nawa ne, ba zai hana ni nawa ba, amma in turo masa mijin nawa. Da babanku ya je, ya tsuguna nesa da tabarma kansa a ƙasa, Baffa ya yi masa magana ba tare da ya dube shi ba.

"Shanun ɗiyata za ka hau. To ka riƙe ta yadda muke riƙe shanu. Ta sha ruwa kafin ka sha. Kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. In kuka zo bakin rafi, mu ba mu tura dabba gaba. Mai kiwo ke fara shiga, ya ji ƙasan da ƙafarsa, sannan ya kira ta."

Babanku ya ce, "To, Baffa." A hanyar dawowa ya yi ta dariya, yana ce mini tsohon nan yana tsammani ƙarfe yana tsoron kada. Amma daga ranar da ya kawo ta har ranar ƙarshe ban ji an ce ya sa ta cikin ruwa mai zurfi bai fara shiga ba. Shi ne kuma ya raɗa mata sunan tsohuwar saniyata. Duk ƙasar nan Uwar Garke ake ce mata.

Ranar da ta iso kowa ya fito. Iya, uwar babanku, ta zagaya ta tana toshe hanci, ta ce an kai nono an karɓo hayaƙi. Motar ta riga ta sha wuya a hannun masu rijiya, fenti ya koɗe, ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta, amma injin in ya tashi sai ka ji shi a ƙirjinka. Aibinta ɗaya ne, batir ba ya riƙe wuta. Akwai wani ƙarfe da ake sokawa ta hancinta a murɗa har ta tashi. Wata rana ƙarfen ya dawo da baya ya karya masa tsintsiyar hannu, maɗori ya ɗaure shi da karare. Daga nan ya jefa ƙarfen bayan kujera, ya sami dabara. Gidanmu ga shi a gindin tudu. Sai ya riƙa ajiye ta a gangare, hancinta yana kallon ƙasa, a sa mata dutse a gaban taya. Da safe ya shiga ya riƙe sitiyari, a cire dutsen, ta gangara, ya saki kuloci, ta yi tari sau ɗaya ta kama. Bai ajiye karen mota ba, ya ce ba ya son hannu biyu a kanta. Bayan sallar asuba kuwa babu kowa a waje. Ni na fara cire dutsen. Baƙin dutse ne mai faɗin ƙwarya, ni na tsinto shi a bayan gida.

Iya ta ce, "Yau ga abin kallo. Matar aure ta zama karen mota."

Babanku ya ce, "Iya, mai shanu ce take kwance shanunta."

"In ta take mata ƙafa sai ka kawo mini shanun in gani."

Da farko aiki ne kawai. A hankali ya zama wani abu tsakanina da shi, wanda ba mu taɓa zama muka shirya ba. Bai taɓa ce mini zan tafi ba, ni ma ban taɓa ce masa sauka lafiya ba, muna jin nauyin irin wannan. Cire dutsen shi ne sallamarmu. In mun yi faɗa sai in yi jinkiri, in tsaya gyara ɗankwali, shi yana ciki yana buga yatsa a sitiyari, yana kira a hankali, "'Yar Fillo, rana tana yi." Haka yake kirana. Ko da maza sun taru ana lodi, ba ya yarda wani ya taɓa dutsen, sai ya ce a jira. Da yamma kuma ina jin ƙararta tun daga bayan tudu, in aje abin da nake yi, in fita in mayar.

Yanzu kuna ji ana yabon mota ana cewa ba ta lalacewa. Ni na zauna da wadda ba ta lalacewa, na san abin da ke ciki. Manyan motocin gyaɗa kan mutu a hanya, a tafi Kano neman ƙarfe, direba ya yi kwana da kwanaki a gida yana wasa da 'ya'yansa. Uwar Garke ba ta ba ni wannan ba. Ta ɗauki hatsin Yaya Mani, wanda ya ce ba ya son abin da ba ya cin ciyawa, har ya sayar da rabin jakunansa. Ta ɗauki tumaki, ta ɗauki gishiri da kanwa, ta ɗauki kayan amare, ta ɗauki marasa lafiya zuwa Katsina. Inda babbar mota ta tsaya ta ce ba hanya, nan ake aiko wa babanku. Saboda ba ta taɓa ba mutane kunya ba, sai kowa ya jingina da ita, shi kuwa bai iya cewa a'a ba. Gaskiya ne yana kwana gida, yadda na gaya wa Baffa. Amma ya shigo kun yi barci, ya fita ba ku tashi ba, tuwo ma wani lokaci yana ci yana gyangyaɗi. Na sayi motar don in riƙe shi kusa, sai ga shi ina ganin ƙeyarsa fiye da fuskarsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na sha roƙon Allah ya sa mata ɗan ciwo, ba mai yawa ba, wanda zai kwantar da ita mako guda. Wata safiya fambel, igiyar da ke juya fankar inji, ya tsinke tun ba ta bar gangare ba. Na koma ciki da murna, na kama zakara, na ce yau za a ci abinci a zaune. Kafin in gama figa na ji ta tashi. Ashe igiyar fata ya samu, irin wadda Baffa ke tufkawa, ya jiƙa ta ya ɗaura. Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Kin gani? Fatar 'yar'uwarta ta gane. A ajiye mini cinya."

Shekarar da nake son in ba ku labari, an riga an sauke tutar Turawa da 'yan shekaru. Babanku ya rame, tari ya kama shi, idanunsa kullum ja. Autarku tana rarrafe a lokacin. Wata rana ya dawo da sauran haske, ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta tsala ihu ta ruƙunƙume ni, ba ta san shi ba. Ya yi dariya, amma na ga fuskarsa. Gari na wayewa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, na fita na sami dutsen, maimakon in cire sai na zauna a kan tayar na naɗe hannu.

Ya ce, "'Yar Fillo, mi ya faru?"

Na ce, "Shanuna sun gaji. Ko saniya ana barinta ta huta. Masu manyan motoci in damina ta faɗi ajiyewa suke yi su tafi gona. Kai ma ka ajiye har kaka."

"Ita ba ta ce ta gaji ba."

"Ita ba za ta taɓa cewa ba. Ni na ce."

Ya daɗe a ciki. Sannan ya fito, ya rufe ƙofa ya ɗaure igiyar, ya ce ya yarda, har a yanke gero. Ya sa aka lulluɓe ta da zana, ya ɗauki fartanya ya tafi gonar gidansu a Dabawa.

Na ɗauka na ci nasara. Jikinsa ya dawo, tarin ya ragu, auta ta fara hawa bayansa. Amma mutumin ba ya nan. A gona sai ya yi kunya biyu ya tsaya yana kallon hanya. In ya dawo ya ɗaga zana, ya buɗe murfin inji, ya goge abin da ya goge jiya. Wani lokaci in leƙa in gan shi zaune a ciki, hannuwansa a kan sitiyari, motar a kashe. Ya ce mini ƙarfe in ya zauna yakan fara mutuwa daga ciki, ban sani ba ko motar yake nufi. Ni ma ban huta ba. Da safe in farka in nemi mayafi, sai in tuna babu inda za ni. Iya ta ce na ɗaure mata ɗa kamar ragon layya, ko in sake shi ko in yanka. Na ƙi kulawa. Na ce a raina kaka ba nisa.

Daminar ta zo da wasa. Ruwan fari ya sauka da kyau, kowa ya zuba irinsa, shuka ta fito, sai sama ta rufe. Rana ta ƙone ta ƙurmus, musamman arewa da mu, wajen Kurfi da Tamawa. Da ruwa ya dawo ya dawo da ƙarfi, kuma a makare. Mutanen can sun riga sun shuka abin da suka ajiye, ragowar sun ci. Ga laima a ƙasa, babu abin sakawa, in kuma aka ƙara 'yan kwanaki ko an shuka ba zai nuna ba. Yaya Mani yana da buhunan irin wake da na gero mai saurin nuna. An tare hanya an hana manyan motoci saboda taɓo. Jakuna ba za su ƙetare rafin da ke tsakaninmu da Kurfi da kaya a bayansu ba. Dattawan Tamawa suka zo da ƙafa, rigunansu sharkaf, suka zauna a zaurenmu. Baffa ba ya cikinsu, ba zai roƙi suruki ba. Amma na san muryoyinsu duka, mutanen da suka ɗauke ni ina ƙarama ne. Ina jin babanku bai ce musu e ba, bai ce a'a ba. Da suka tashi ya shigo tsakar gida ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

Ya ce, "Na yi miki alkawari, ba zan tambaye ki ba. Za a yi lodi yau da yamma. In kin fito da safe, to. In ba ki fito ba, a sauke, ba kuwa za ki ji wata magana daga bakina ba."

Safiyar zan ajiye ta sai ƙarshe, Rabi, don in na faɗe ta ba zan iya ƙara komai ba. Na fita dai. Suka tafi shi da Yaya Mani, dattawan sun riga sun yi gaba don su tara masu ɗauka. Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya Mani na ji shi, ya kuwa faɗa mini sau da yawa, bai taɓa canzawa ba.

Sun isa mashigi da hantsi. Ba a yi ruwa a wurin ba ranar, rana tana haske, gabas ne kawai ya yi baƙi can nesa. Ruwan rafin iyakarsa gwiwa. Babanku ya tsaya a kan yashi, bai kashe inji ba, don wurin shimfiɗe yake, in ta mutu babu gangaren da za a tayar da ita. Ya fara naɗe wando.

Yaya Mani ya ce, "Haba, taka mu wuce. Ai ta ƙetare wanda ya fi wannan."

Ya ce, "Bari in ji ƙasan, Yaya. Ta daɗe a tsaye, ga nauyi."

Ya ɗauki sanda ya shiga, yana caka yana takawa, har ya kai tsakiya. Ya juyo ya ɗaga sandar sama. Yaya Mani ya ce har ya mutu bai san abin da ɗaga sandar ke nufi ba, ko ƙasa ta yi kyau, ko ta zurma. Ƙarar injin ta hana shi jin abin da babanku yake faɗa, ta kuma hana su jin abin da ke tafe. Ruwan da aka yi a gabas ne ya sauko gaba ɗaya, ja wur, da itatuwa da shingayen mutane a kansa. Yaya Mani ya ce ya ga farar hula, sannan bai ƙara ganin komai ba.

Yaya Mani bai iya mota ba, bai san inda ake kashe ta ba. Mutane suka taru suka bi gaɓa suna kira, ita tana tsaye a inda ya bar ta, da kayanta, tana rugugi a hankali kamar mai jira a kira ta. Babu wanda ya yarda ya taɓa ta. Haka ta yi ta yi har mai ya ƙare. Kashegari makiyaya suka sami babanku a saiwar wata ƙirya, can ƙasa da mashigi.

A zaman makoki na ji maza suna gardama a hankali. Wasu suka ce da bai sauka ba da sun ƙetare, lokacin da ya ɓata yana cakar yashi ya ishi motar ta haye. Wasu suka ce da ruwa ya janye an ga rami a tsakiyar mashigin, da ya shiga da ita da an rasa shi, an rasa Yaya Mani, an rasa irin. Ban san wanda ya yi gaskiya ba. Ko maganar Baffa ce ta saukar da shi, ko wani abu ya gani a fuskar ruwan, ko kuwa zaman da na sa ta yi ne ya sa ya yi shakkarta karo na farko, ban sani ba. Baffa ya zo gaisuwa, ya zauna har yamma bai iya ɗaga ido ya dube ni ba. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara yin maganar rafi a gabana ba har ya bar duniya. Irin kuwa da ruwa ya ja baya mutanen Tamawa suka ƙetare da shi a ka. Suka shuka, ya nuna. Da kaka suka aiko da dammunan gero, suka kuma yi ta aikowa shekara da shekaru. Tuwon da kuka girma da shi har da na wannan a ciki.

Ina cikin takaba aka dawo da ita. Wani direba daga Kurfi ya zuba mata mai, maza suka tura, ta kama a turin farko. Ina zaune a ɗaki na ji ƙararta daga bayan tudu, daidai lokacin da ya saba dawowa. Kafin hankalina ya iso, jikina ya riga ya kai ƙofar gida. Iya ce ta riƙe ni, ita da ba ta taɓa son motar ba, muka zube a nan muna kuka. Direban ya nemi abin da zai tare taya, aka miƙa masa guntun icce. Ban ba shi dutsen ba. Shi ne wannan da ke bakin ƙofar ɗakina, wanda jikoki ke zama a kai suna fasa gyaɗa.

Da aka zo rabon gado Yaya Mani da kansa ya shaida cewa ƙaninsa ya sha faɗa motar ta mai shanu ce. Aka ce in sayar in mayar da garkena. Na ƙi. Shanun da aka saya ta da su da tuni sun tsufa sun mutu, ita kuwa ta ci gaba. Direbobi suka riƙe ta har yayanku ya girma ya karɓa. Ita ta ciyar da ku, ita ta kai ku makaranta da akwatunanku, ita ta kai Iya asibiti a ciwonta na ƙarshe, ita ta kai Yaya Mani Kano ya hau jirgin Makka. Motoci nawa aka saya sababbi a garin nan, muna gani aka yanka su, ita tana wucewa ta gabansu da lodi. Har ranar da aka ajiye ta ba mutuwa ta yi ba, irin tayoyinta ne aka daina samu. Na tabbata in aka sa mata ƙafafu aka gangara da ita za ta yi tari ta kama. Ba ta cinye shanuna ba, ni na bayar. Ba ta kashe babanku ba, tana tsaye a kan busasshen yashi lokacin da ruwa ya ɗauke shi. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da ita, ba zan riƙe ku ba. Amma muddin ina numfashi, kada mai guduma ya ƙara zuwa kusa da ita.

To, Rabi, ga safiyar. Na idar da salla na zauna a kan buzu, ina jin shi ya fita, ina jin ƙarar ƙofar motar. Bai kira ni ba. Na tuna gonar Baffa, na tuna auta tana barci da hannunta a inda ya tashi. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Da na fito gari ya fara haske, an yaye zana, buhuna sun cika ta har sama an rufe da tamfol. Yaya Mani ya kau da kai. Babanku yana riƙe da sitiyari, ya aske gemu, ya sa farar hula, fuskarsa kamar ta yaron da za a kai kallon Salla, yana ta ƙoƙarin ɓoyewa don kada in ji haushi. Na durƙusa. Dutsen ya nutse cikin ƙasa saboda daɗewa, ciyawa ta fito a gefensa, sai da na tona da yatsu na girgiza shi sannan ya fita. Na miƙe da shi a hannu biyu. Taya ta fara juyawa a hankali. Ya leƙo ta taga, motar tana ɗauke shi, ya dubi dutsen ya dube ni.

"Kada ki kai shi nesa, 'yar Fillo. Da la'asar za ki mayar."